Daga Tiken Gombe Zuwa Agege: Wa Ke Duba Naman Da Mu Ke Ci?

Daga Wakilinmu, Gombe

Kwanan baya, a wata rumfar mai shayi kusa da Tashar Dukku a nan Gombe, na tarad da gardama ta kaure tsakanin wani saurayi da ya komo daga karatu a Ingila da wani dattijon mahauci wanda ya yi shekara da shekaru yana tura shanu Ikko. Saurayin ya dage a kan cewa tun da ya ga yadda a ke sayad da nama a can, an naɗe shi cikin leda, an buga masa kwanan wata da lambar mayankar da aka yanka shi, ba ya iya cin tsiren bakin titi sai da fargaba. Dattijon kuwa ya ce naman da aka yanka da asuba aka cinye kafin azahar ba a haɗa shi da wanda ya yi mako biyu cikin ƙanƙara, kuma shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin saniyar Fulani ta haukace ba, amma ta Turawa ta haukace, duniya duk ta ji labari. Aka yi ta dariya, mai shayi ya karɓi kuɗinsa, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya ka da wani.

Maganar ta tsaya mini a rai, domin na san ku 'yan'uwanmu mazauna Kurmi ita ce a gabanku kullum. A cikinku akwai fataken shanu, da dillalan kara, da mahauta, da masu tsire da balangu da ke hura wuta tun daga Obalende har Fatakwal. Duk ranar da aka ji ƙishin-ƙishin wata cutar dabbobi ta ɓulla, ba ofishin kowa a ke fara zuwa ba, tukubarku a ke fara ƙaurace wa. Saboda haka na ga ya kamata mu bi saniya guda daga Gombe har zuwa faifan mai tsire a Agege, mu gwada tafiyarta da ta 'yar'uwarta a wasu ƙasashe, mu ga inda saurayin nan ya yi gaskiya da inda dattijon ya fi shi.

GOMBE DA SHANU

Gombe garin Fulani ne tun asali. Modibbo Buba Yero ne ya kafa masarautar a zamanin jihadi, aka zauna Gombe Abba, sa'an nan a 1919 aka komo da fada nan inda garin ya ke yanzu. Auduga ce ta fara fito da sunan garin a zamanin Turawa, amma da jirgin ƙasa ya iso a 1963, a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, sai cinikin shanu ya sami ƙafa. Kafin nan da ƙafa a ke koro su, mako da makonni a cikin daji, su ratsa ƙasar ƙudan tsando, su isa Badun ko Anacha sun rame, waɗansu sammore ya riga ya kama su. Yau kuwa tirela ce. A ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Jihar Gombe daga Bauchi, garin ya zama babban birni, masu cin nama suka ninka.

Wanda ya je Tike a Pantami zai ga farare Bunaji, da jajaye Rahaji masu dogon ƙaho, da Bokoloji jefi-jefi, waɗansu daga wajen Dukku da makiyayar Wawa-Zange, waɗansu daga Kumo da Bajoga, waɗansu kuma sun biyo ta Potiskum ko Mubi, asalinsu Chadi ko Kamaru. To, a nan ne maganarmu ta fara. Ka tambayi dillali shekarun sa, zai buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora ya faɗa maka, ba kuwa zai yi kuskure ba. Ka tambaye shi nauyinsa, zai dafa gadon baya da tozo ya kintata. Amma ka tambaye shi a wace ruga aka haife shi, hannu nawa ya bi kafin ya iso, wace allura aka yi masa, kuma yaushe, sai ya dube ka kamar ka zare. Ba laifinsa ba ne. Ba wanda ya taɓa neman wannan bayani a wurinsa, kuma babu takardar da za a rubuta shi.

SANIYA MAI FASFO

A Ingila ɗan maraƙi ba ya wuce kwana 20 da haihuwa sai an maƙala masa lamba a kunnuwa biyu, kuma cikin kwana 27 tilas mai shi ya nema masa fasfo. Ba ba'a na ke yi ba, fasfo ne sosai, da ranar haihuwa, da irinsa, da lambar uwarsa. Duk lokacin da ya bar wata gona ya koma wata, ko aka kai shi kasuwa, dole a sanad da hukuma cikin kwana uku. In ya isa mayanka babu fasfo, ba shi shiga cikin abincin mutane. A mayankar kuma akwai likitan dabbobi na gwamnati da zai dube shi da ransa, a kuma duba naman bayan an feɗe. Dokar ƙasashen Turai ta ce a sanyaya gangar naman zuwa awo 7 a ma'aunin zafi, kayan ciki kuma zuwa awo 3, kafin a ɗauka.

Amma kada saurayinmu ya ɗauka tsabar wayewa ce ta kawo wannan. Wuya ce ta koya musu. A 1986 aka gano wata cuta a shanun Ingila wadda ke cinye ƙwaƙwalwa, saniya ta riƙa tangaɗi tana faɗuwa, ita ce dattijon ke nufi da haukan shanu. Musabbabinta kuwa abin kunya ne: saboda neman riba, an riƙa niƙe ƙashi da ragowar naman dabbobin da aka yanka, ana cuɗa garin cikin abincin shanu. Watau an mai da saniya mai cin 'yar'uwarta. Aka hana wannan a 1988, amma gwamnati ta yi ta gaya wa jama'a cewa naman ba shi da illa, har sai watan Maris na 1996 da ta fito ta amsa cewa da alama cutar na kama mutane. Nan da nan Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga naman Ingila, ba a ɗage takunkumin gaba ɗaya ba sai 2006. An hallaka shanu fiye da miliyan huɗu, mutum 178 kuma suka mutu a ƙasar, akasarinsu matasa. Daga cikin wannan masifa ne fasfon shanu ya fito.

Akwai wani abu a cikin labarin nan da na ke so mahautanmu da mahukuntanmu su lura da shi. Da farko gwamnatin Ingila rabin kuɗin saniya ta ke biyan manomin da ya kawo rahoton cewa tasa ta kamu. Mutane suka yi ta ƙorafi cewa manomi ba wawa ba ne, in ya ga alamar ciwo zai yi maza ya kai ta kasuwa ya karɓi kuɗinsa cif. A 1990 sai aka mai da diyyar ta zama cikakkiya. Ashe dai Bature ma in asara za ta faɗa a kansa shi kaɗai, ɓoyewa ya ke yi. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Fasfon ma bai toshe kowace kafa ba. A farkon 2013 hukumar abinci ta ƙasar Ayilan ta bayyana cewa ta auna naman da a ke sayarwa cikin manyan kantuna da sunan na shanu, sai ga naman doki a ciki, aka bi sawu aka tarar abin ya game ƙasashen Turai da yawa. Leda da kwanan wata ba su hana ha'inci.

AMURKA DA TURAI MA BA SU SHIRYA BA

A Amurka dokar duba nama ta 1906 ce, kuma wani littafi ne ya jawo ta. Wani marubuci, Upton Sinclair, ya shiga mayankun Chicago ya fito ya bayyana ƙazantar da ya gani, cinikin nama ya faɗi, majalisa ta yi doka a shekarar. Tun daga nan ba a yanka na sayarwa a babbar mayanka sai ma'aikacin gwamnati na tsaye, ya duba ya buga hatimi. Duk da haka a 1993 wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin shanu ta shiga niƙaƙƙen naman da wani kamfanin abinci ya sayar bai dahu sosai ba, mutum fiye da 700 suka kwanta, yara huɗu suka mutu. Sai aka gane ido da hanci ba su isa ba, a 1996 aka tilasta wa mayanku su riƙa awon ƙwayoyin cuta a ɗakin bincike.

Abin mamaki, manyan nan biyu ba su yarda da naman juna ba. Amurkawa na sa wa shanu sinadarin da ke sa su girma da wuri, sun ce masanansu sun auna ba shi da lahani. Turai ta ce ba ta yarda ba, ta hana shigo da irin wannan nama tun 1989, aka yi ta shari'a a gaban hukumar ciniki ta duniya shekara da shekaru. Kajin Amurka da a ke wankewa da ruwan kulorin su ma Turai ta hana su a 1997, wai wankan ƙarshe rufa-rufa ne ga wanda bai tsabtace gonarsa ba. A 2006 kuma ta hana zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta cikin abincin dabbobi don su yi ƙiba. Birazil, wadda ta fi kowa fitad da naman shanu a duniya, a watan Maris na 2017 'yan sandanta suka bankaɗo cewa waɗansu kamfanoni na ba masu duba nama toshiyar baki, ƙasashe da dama suka dakatad da sayen namanta na ɗan lokaci.

A nan dattijonmu ya ci maki. Sanmu ciyawa ya ci, da harawa, da kowa, da ƙaiƙayi, in an yi masa gata a ba shi dusa da ƙulin auduga da kanwa. Ba a taɓa ciyad da shi garin ƙashin ɗan'uwansa ba. Yanka da asuba a ci a ranar shi ma dabara ce ta mutanen da ba su da firji, kuma girkinmu na tafasa nama har ya yi lugub yana kashe abubuwa da yawa da ke kwantad da masu cin nama da jini-jini. Kilishi kuwa, a shanya shi a rana, a tsoma a labu, a sake shanyawa, a gasa, hanya ce ta adana nama da kakanninmu suka gano tun ba a san ƙanƙara ba.

ABIN DA WUTA BA TA KASHEWA

Sai dai inda gizo ke saƙar, akwai abin da tukunya ba ta magani. Na farko allura. Yau makiyayi shi ne likitan kansa, yana sayen kwalba a kasuwar ƙauye ya tsira wa saniya da ya ga ta yi sanyi. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar ko a sha nononta, waɗansu har mako uku ko huɗu. To amma sau da yawa saniyar da ta ƙi jin magani ita a ke fara kaiwa kasuwa, kada ta mutu a yi biyu babu. Maganin na nan cikin tsokarta, da hantarta, da ƙodarta. Mai ci ba zai ji komai a ranar ba. Illar tana zuwa a hankali: ƙwayoyin cuta su saba da maganin, ran da yaro ya kwanta a asibiti a ba shi irinsa ya ƙi aiki. A Turai akan ɗebi nama daga mayanku a auna wannan, wanda aka kama ya sha tara. Mu a nan wa zai auna, da me, kuma in an samu wace ruga za a koma?

Na biyu babbaka da tayar mota. Ganda da kai da ƙafa abinci ne mai daraja a Kurmi, ku kun fi ni sani, kuma icce ya yi tsada, tsohuwar taya kuwa kusan kyauta ce. Amma hayaƙin nan baƙi yana ɗauke da guba da ƙarafa da ke maƙalewa a fata, kankarewa da wanki ba su fid da su duka, mai babbakar kuma da ke shaƙarsa tun safe shi ne na farkon cutuwa.

Na uku, kuma wanda ya fi ban tsoro, ciwon saifa. Dabba tana kiwo lafiya lau sai ta faɗi, baƙin jini wanda ba ya daskarewa ya riƙa fita ta hanci da dubura, in an buɗe ciki a ga saifa ta kumbura. Al'adarmu in saniya ta faɗi sai a ruga da wuƙa kada ta zama mushe, a yi watanda a rage asara. A kan wannan ciwo kuwa buɗe cikin shi ne babban kuskure, gama ƙwayar na shiga ta ƙujewar hannun mai fiɗa, kuma in jinin ya zuba a ƙasa tana iya zama a wurin shekaru da yawa tana jiran wani garke. Kun tuna a watan Yuni na 2023, da ciwon ya ɓulla a arewacin Ghana, Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta yi gargaɗi a kan cin ganda da naman daji, a watan Yuli kuma aka tabbatad da shi a wata gona a Suleja. Ba a ce a daina cin tsire ba, amma mai saye ba ya tsayawa tantancewa.

Akwai kuma bakkale, wanda ke sa shanu ɓari, yana kama mahauta da masu taɓa mahaifa, ya zo da zazzaɓin da a ke ta sha wa maganin sauro ba ya tafiya. Akwai tarin fuka na shanu, da tsila da ke shiga cikin wanda ya ci naman da bai gasu ba har ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci na kwantad da mutum miliyan 91 a Afirka kowace shekara, yana kashe 137,000, kuma ba nahiyar da ta kai mu shan wannan wahala in an gwada da yawan jama'a.

DOKA MUNA DA ITA

Kada wani ya ce ba mu da doka ko ba mu da masana. A 1924 aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, shekarar da aka kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a Paris, kuma duka biyun bushiya ce ta haife su. Tsofaffin makiyaya ba su manta da bushiyar 1983 ba, wadda ta bar Fulani da yawa da sanda kawai a hannu, amma da aka dage da rigakafi sai ga shi a 2011 an yi shelar an kawad da ita daga doron ƙasa. A kan lafiyar dabbobi akwai dokar soja ta 1988, wadda aka sabunta a 2022. An kafa NAFDAC a 1993. A 2024 ma an kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya mai zaman kanta. Kafin duk waɗannan akwai Sarkin Fawa, wanda tun zamanin sarakuna shi ke da alhakin kada mushe ko naman da ya lalace ya shiga kasuwa, ga kuma duba-gari na zamanin En'e, wanda matan aure ke jin ya shigo unguwa su hau wankin randa.

A bisa ƙa'ida, dabba za ta kwana a mayanka ta huta, malamin dabbobi ya dube ta da ranta, bayan an feɗe ya tsaga huhu da hanta da kaluluwa, abin da ya ga bai yi ba ya kwace a binne. Na je wata mayanka da asuba, ba zan faɗi sunanta ba domin abin da na gani ba nata ba ne ita kaɗai. Malaman dabbobi biyu na gani, shanu kuwa ana kayad da su goma-goma a lokaci guda, a kan siminti ɗaya a ke yanka, a feɗe, a zubad da tumbi, ruwan kuma 'yan ga-ruwa ke kawowa. Malamin na duba wannan huhu, an riga an ɗora wancan a babur. Na ga ya yanke rabin hanta mai tsutsa ya jefar, irin ta shanun da suka yi kiwo a fadama, mai naman kuwa ya bi shi da ido kamar ya yi kuka. Na kuwa gane dalilinsa. Bashi ya karɓo san a hannun dillali, da yamma zai biya, ribarsa duka ba ta wuce kuɗin hantar nan da kai da ƙafa ba, kuma ba wanda zai biya shi ko kwabo. Gobe in ya ga sa mai tari, kuna tsammani nan zai kawo shi? Bayan gida zai kai shi. Abin da ya faru da manoman Ingila kafin 1990 ke nan, ba bambanci.

'YAN'UWANMU NA AFIRKA

In an kawo misalin Turai sai a ce ai su masu kuɗi ne. To ga Botsuwana. Ƙasa ce mai fari da rairayi kamar arewacin Barno, shanunta da yawa na ƙananan makiyaya ne, amma tun cikin shekarun 1950 ta fara kakkafa shinge tana raba yankunan da ke da ciwon ɓoru da waɗanda ba su da shi, ta kafa hukumar nama mai babbar mayanka a Lobatse, daga baya ta sa wa shanu lamba. Shekaru da yawa namanta na shiga kasuwar Turai, ko da ya ke duk sa'ad da ɓoru ya ɓulla akan rufe ƙofa sai an shawo kansa. Maƙwabciyarta Namibiya a 2020 ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai naman shanu Amurka, bayan shekara da shekaru ana zuwa ana duba mayankunta.

Su ma Larabawa ba su wasa. A shekara ta 2000, da wani zazzaɓin dabbobi mai kama mutane ya ɓulla a Jizan, Sa'udiyya ta hana shigo da tumaki da awaki daga Somaliya da maƙwabtanta, ba ta buɗe wa Somaliya ba sai 2009, bayan an gina wuraren killace dabbobi a tashoshin jiragen ruwa. Musulmi ne da Musulmi, yanka iri ɗaya, amma halal bai ɗauke wa kowa takardar likita ba.

Mu kuwa da ke da shanu sun ninka na Botsuwana sau da yawa, ba ma cikin jerin ƙasashen da a ke karɓar ɗanyen namansu a Turai ko Amurka. An taɓa gwadawa a cikin gida: a shekarun 1960 an kafa kamfanin nama a Bauchi, lokacin Gombe na cikin lardin, aka kafa wurin kiwo da mayanka a Mokwa, da nufin a yanka a Arewa a kai nama Kudu cikin sanyi. Waɗannan duk sun durƙushe. Manoman Gombe ma sun ɗanɗana irin wannan ta wani gefen. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da waken Nijeriya saboda an yi ta samun maganin ƙwari, dangin fiya-fiya, ya ninka abin da dokarsu ta yarda da shi sau da yawa. Wanda ya san buhunan waken da ke fita daga Tudun Hatsi ya san wannan magana ta shafe mu, kuma waken da Turawa suka ƙi ba zubad da shi aka yi ba, mu muka ci.

A KURMI

A wajenku abubuwa sun fara canjawa, kuma ba shawararku a ke nema ba. Gwamnatin Ikko ta daɗe da hana ɗaukar nama daga mayankar Oko-Oba a babur ko a buɗaɗɗiyar mota, ta kawo motoci na musamman. A Badun, a 2018, an tashi mahauta daga Bodija aka mai da su sabuwar mayanka a Amosun, abin har da tarzoma. Manyan kantuna da otal-otal kuma sun koma saye wurin kamfanonin da ke da ɗakin sanyi da takarda, waɗansunsu da gonakin kiwo nasu. A 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha, da fataken abinci da na shanu suka tsayad da lodi na 'yan kwanaki, kowa ya ga nama ya yi wuya a Ikko. Wannan ya nuna ƙarfinku, amma ya kuma sa gwamnatocin Kudu sun ƙara tunanin yadda za su yi kiwo da kansu.

Ni a ganina shugabannin kara da Sarakunan Fawa na Sabo ba su bukatar jiran Abuja a kan waɗansu abubuwa. Ƙungiyar da ke iya tsayad da tirela ɗari a rana ɗaya tana iya tara asusu, kowane sa a cire wani abu kaɗan, wanda aka kwace wa hanta ko aka hana shi yanka a rage masa asara daga ciki. Tana iya hana taya a wurin babbaka, ta hana mai tukuba ɗumama kwantan jiya ya cuɗa da na yau. Tana kuma iya cewa duk motar da za ta taso daga Gombe ko Potiskum ta zo da takardar malamin dabbobi wanda ya hau ya duba da idonsa, ba wadda aka sa wa hannu a ƙarƙashin bishiya ba.

Kafin in bar Tike na tsaya wurin lodi. Tirela ce za ta Ikko, ta Bauchi da Jos da Lakwaja, tafiyar fiye da kilomita dubu, shanun a ɗaure ƙaho da ƙaho, yaran mota a zaune a kan katako bisa kansu, kwana biyu ko uku ba kiwo ba ruwan kirki. Na roƙi direban ya nuna mini takardunsa, ya zaro su daga aljihun gaba, dami guda. Akwai rasiɗin ƙaramar hukuma, da na jiha, da na ƙungiya, da na lodi, da izinin fita da dabbobi, ya ce kafin ya ƙetare Kwara za su ninka. Na duba su ɗai-ɗai. Duk sun faɗi yawan shanun da kuɗin da aka biya. Babu wadda ta faɗi daga ina sa ko guda ya fito, ko ranar da aka yi masa allura ta ƙarshe.